Rainon Yara Masu Sikila Fiye da Ɗaya a Gida Guda: Nazari Kan Yankin Kankiya da Kusada

Sikila, wadda ake kira amosanin jini, cuta ce ta gado da ke lanƙwasa jajayen ƙwayoyin jini su yi siffar lauje. Lafiyayyar ƙwaya takan yi kimanin kwana 120 tana aiki, amma ta mai sikila da wuya ta wuce kwana 20. Daga nan ƙarancin jini da shawara suke tasowa. Idan kuma ƙwayoyin suka toshe ƙananan hanyoyin jini sai ciwon ƙashi ya tashi. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006, ana haifar jarirai kusan 150,000 da cutar duk shekara a Nijeriya, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jama'ar ƙasar AS ne, wato suna ɗauke da gadon cutar amma ba sa fama da ita.

Idan miji da mata duk AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya bisa huɗu na zuwa da SS, wato yaro mai cutar. Nan ne fahimtar mutane take karkacewa, domin wasu sun ɗauka da zarar an sami ɗaya, uku na baya sun tsira. Lissafin sabo ne a kowane ciki, don haka uwa mai haihuwa takwas tana iya samun uku ko huɗu masu cutar. Auren zumunci yana ƙara haɗarin a dangin da ke ɗauke da ita, sai dai yawan masu AS ya sa auren bare ma ba kariya ba ne. A gidan da yara suka yi ta rasuwa a jere, akan kira abin wabi, zargi kuma ya fi faɗawa kan uwa, alhali rabin gadon daga uba ya fito.

Nauyin jinya a Kankiya da Kusada yana bin yanayin shekara. Zazzaɓin cizon sauro da damina da sanyin hunturu suna cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon, saboda haka yaran gida ɗaya sukan kwanta kusan lokaci guda. Jinyar damina ta fi tsanani: rumbu ya yi ƙasa, maigida yana gona, ga kuɗin mota da na magani. Daga ƙauye akan nufi Babban Asibitin Kankiya, in abin ya faskara a wuce Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko na Malam Aminu Kano. Ƙarin jini wata matsala ce ta daban, tunda 'yan uwan da aka saba nema su bayar su ne dai ake komawa gare su a kowane karo. Uwa tana asibiti da ɗaya, sauran kuwa sai a bar wa kaka ko babbar ɗiya, wadda karatunta ke tsayawa.

Kulawar yau da kullum ba ta da wuyar ganewa: folik asid, maganin kariyar zazzaɓi, gidan sauro, allurar rigakafi, shan ruwa da yawa da suturar sanyi. Binciken da aka yi a asibitocin Kano ya nuna amfanin maganin hydroxyurea wajen kare yara masu haɗarin shanyewar ɓarin jiki, amma magani ne na kullum, kuma kuɗinsa yana ninkuwa da yawan yaran. Ta fuskar rigakafi, Jihar Kano ta kafa dokar gwajin jini kafin aure a 2024, wadda ta haɗa da tantance AA, AS da SS kafin a ɗaura aure.