Yadda Gwamnatin Tarayya ke kula da tashoshin lantarki na madatsun ruwa

Manyan tashoshi huɗu ne ke samar da mafi yawan wutar lantarkin da Najeriya ke samu daga ƙarfin ruwa. Kainji, wadda aka kammala a 1968 a kan Kogin Neja, an gina ta ne da ƙarfin megawat 760, sai Jebba mai megawat 578 da ta fara aiki a 1985. A kan Kogin Kaduna kuwa akwai Shiroro mai megawat 600, wadda aka buɗe a 1990, da Zungeru mai megawat 700 da aka kammala a 2023. Ƙananan tashoshi sun haɗa da Kashimbila a Jihar Taraba da Dadin Kowa a Jihar Gombe, kowacce mai megawat 40.

Madatsun mallakar Gwamnatin Tarayya ne, amma ba ita ke tafiyar da su ba. A 2013 ta bai wa kamfanin Mainstream Energy Solutions jinginar Kainji da Jebba, ta kuma bai wa North South Power jinginar Shiroro, na tsawon shekara 30. Daga baya Mainstream ya karɓi Zungeru. Sharaɗin shi ne kamfanonin su gyara injinan da suka lalace, su kuma riƙa biyan gwamnati kuɗin jinginar.

Aikin sa ido ya rabu tsakanin hukumomi. Ma'aikatar Lantarki ce ke tsara manufa, Hukumar NERC kuma ita ke bayar da lasisi da ƙayyade farashi. Hukumar HYPPADEC, wadda dokar 2010 ta kafa mai hedikwata a Minna, an ɗora mata kula da al'ummomin da ambaliya da zaizayar ƙasa ke addaba a yankunan madatsun. Dokar Lantarki ta 2023 ta ƙara wa jihohi ikon kafa nasu kasuwannin wuta da hukumomin kula da su.

Kuɗi ne babban ƙalubale. Gina madatsa na cin maƙudan kuɗi da shekaru masu yawa kafin a ga amfaninta, shi ya sa ake dogaro da rance. Zungeru ta ci kimanin dala biliyan 1.3, kuma kashi 75 cikin ɗari rance ne daga bankin Exim na ƙasar Sin, sauran kashi 25 daga Gwamnatin Tarayya. Bayan ginin ma, kamfanonin samar da wuta na kokawa kan bashin da suke bi na wutar da suka sayar, yayin da raunin layukan dakon wuta ke hana a kwashe duk abin da tashoshin ke iya samarwa.

Mafi girman aikin da ake jira shi ne Mambila a Jihar Taraba. A 2017 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da kwangilar kimanin dala biliyan 5.8 domin samar da megawat 3,050, adadin da ya zarce ƙarfin manyan tashoshin nan huɗu a haɗe. Sai dai taƙaddama da kamfanin Sunrise Power, wadda ta kai gaban kotun sasanta rikicin kasuwanci da ke birnin Faris, tare da jinkirin samun rance, sun tsayar da aikin shekara da shekaru. Makomar Mambila, da ta sauran madatsun da ake shirin ginawa, ta rataya ne a kan kwangiloli marasa tangarɗa da kuma tabbacin cewa za a biya kuɗin wutar da aka samar.