Kuɗin Turai da Binciken Hanyar Agadas

A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya. Akasarinsu mata ne da yara daga yankin Kance, motocinsu suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Abin ya girgiza ƙasar, kuma a watan Mayu na 2015 gwamnatin Mahamadou Issoufou ta kafa doka mai lamba 2015-36 wadda ta haramta safarar baƙin haure.

Sai dai doka ba ta bin sawun kowa a sahara. Mai bincike yana buƙatar mota da mai, da na'urar tantance fasfo na jabu, da kuɗin kwana a daji. A watan Nuwamba na 2015, shugabannin Turai da na Afirka suka haɗu a Baleta, babban birnin Malta, inda aka buɗe asusun gaggawa domin Afirka. Daga cikinsa aka ware Yuro miliyan 6 don kafa tawagar bincike ta haɗin gwiwa: 'yan sandan Nijar da na Faransa da na Sifaniya a ofishi ɗaya. Ta kama aiki a 2017, hukumar FIIAPP ta Sifaniya na riƙe da ragamar kuɗin.

Tawagar ta yi aiki, ba a musun wannan. An kama masu safarar mutane, an gurfanar da su, jami'an Nijar sun samu horo da kayan aikin da a da ba su da su. Amma a ganina mai kuɗin ne ya zaɓi laifin da za a fi bi. Damuwar Turai ita ce hanyar Libiya zuwa teku. A Agadas kuwa, inda jigilar matafiya take ciyar da gidaje masu yawa, an tsare direbobi, an ƙwace motoci, waɗanda suka rage suka riƙa kauce wa rijiyoyin da sojoji ke gadi, suna bin hanyoyin da suka fi haɗari.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, Tarayyar Turai ta dakatar da tallafin tsaro ga Nijar. A watan Nuwamba Janar Abdourahamane Tiani, jagoran sojojin da suka karɓi mulki, ya soke dokar ta 2015, tare da share hukuncin waɗanda aka ɗaure a kanta. Ayarin motoci suka koma fita daga Agadas zuwa Libiya a bainar jama'a.