Lam da Sifirin: Tarihin Ɗaga Mota a Gaya

A garejin Gaya ƙarfe ɗaya sunansa biyu. Makaniken da ya koyi aiki a Yamai ko Paraku zai ce maka lam. Wanda ya koya a Kamba ko Birnin Kebbi kuwa sifirin zai ce. Na farko daga Faransanci ya fito, na biyu daga Ingilishi, kuma dukansu suna nufin dogayen ƙarafan nan masu ɗan lanƙwasa da ake jerawa ɗaya bisa ɗaya a ƙarƙashin mota don su ɗauki nauyinta. Ni ɗalibin ilimin harshe ne, kalmomin ne suka fara jan hankalina. To amma bin su ya kai ni ga wata tambaya ta tarihi: me ya sa kusan kowace tsohuwar motar kaya a garin nan, in babu lodi, za ka ga bayanta a ɗage kamar kaza tana tsince hatsi?

Sai mun koma zamanin gyaɗa. Da can gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta Kano take bi, jirgin ƙasa ya kai ta Ikko. Faransawa ba su so kuɗin dako yana tafiya hannun Ingilishi ba. Jirginsu na Dahome ya iso Paraku a 1936, can ya tsaya. A farkon shekarun 1950 suka fito da shirin da suka kira Hirondelle, wato tsattsewa: kamiyo ya ɗauko gyaɗa daga gabashin Nijar, ya biyo Doso da Gaya, ya ƙetare kogi, ya sauke a Paraku, ya juyo da siminti da sauran kaya. A 1958 aka buɗe gada tsakanin Gaya da Malanbil, a 1959 aka kafa OCDN, wadda daga baya ta zama OCBN. Tun daga nan Gaya ta zama garin da mota take ciyar da shi.

Amma babbar hanya ta manyan motoci ce. Manomin rake na Bengu, ko mai gishirin Foga, ko mai kai shinkafa kasuwa daga Tanda, hanyarsa jar ƙasa ce da laka, ga shi nan ne yankin da ya fi samun ruwan sama a duk Nijar. Waɗannan ƙaramar mota suke so. Peugeot ta fito da 404 mai buɗaɗɗen baya a 1967, wadda mu muke ce wa bashe, ƴan ƙetare su ce akori-kura. Masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara aiki a 1975, sai kayan gyara suka wadatu ta ɓangaren Kamba. 504 mai ɗaukar kaya ta biyo a 1979. An ƙera su don kayan da bai wuce kimanin tan guda ba. Wa zai je Bengu ya dawo da tan guda? Kuɗin mai ma ba zai fita ba.

Nan aikin ya samo asali, kuma yadda ake yinsa bai canza sosai ba. Ana ɗaga motar da jak, a kwance jerin lam, a bar uwar, wato doguwar da ke riƙe da shasi. Sai a je wurin masu tsofaffin ƙarafa a samo lam na wata motar da ta mutu, a yanke daidai tsayi, a huda tsakiya, a cusa biyu ko uku cikin jerin. Ƙusar tsakiya ba za ta kai ba yanzu, sai an sa mai tsawo, haka ma ƙarafan da ke ɗaure jerin a jikin gatarin ƙafa. In lam ɗin ya kwanta don tsufa, yaran gareji su ɗora shi bisa guntun ƙarfe su yi ta duka da guduma har lanƙwasarsa ta dawo. Wani ma ƙara tsawon maratayin baya kawai yake yi, ya fi araha. Yini ɗaya an gama.

Kada ku ɗauka dabarar ta talaka ce kaɗai. A Faransa kanta akwai kamfanin Dangel da ya riƙa ɗaga 504 yana mayar da ita mai jan ƙafa huɗu, da amincewar Peugeot. A Amurka kuma mutane na ɗaga motocinsu don shaƙatawa a daji ranar hutu. Mu nan ba mu da wannan sukunin, buhu biyar na ƙari muke nema.

Abin da na lura shi ne, duk lokacin da siyasa ta taɓa iyaka, garejin ne ke cika. Buhari ya rufe iyakokin Najeriya a 1984, ba a buɗe su ba sai 1986, kaya suka bar kwalta suka shiga daji, kuma daji ba ya son mota mai jan ciki. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, sabon ƙarfe daga Turai ya ninka kuɗi dare ɗaya, sai tsofaffin Hilux da Land Cruiser da ake saukewa a tashar Kwatano suka zama abin dogaro, a saye su da tsufansu, a ƙara musu ƙarfi a gida. An sake rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuma gadar Malanbil kanta aka toshe. Kaya suka koma kwale-kwale, kuma daga bakin ruwa zuwa cikin gari ai ba tirela ce za ta gangara cikin yashi ba.

Ina yaba wa makanikanmu, amma akwai inda ban yarda da su ba. Lam yana ƙara wa mota ƙarfin ɗauka, ba ya ƙara wa birki komai. Motar da aka yi wa birkin tan guda tana gangara da tan biyu, da fasinja goma zaune bisa buhuna. Ɗagawar tana sa nauyi ya hau sama, kwana kaɗan sai ta kwanta gefe. Sau da yawa ana barin tsohon amortisar, wanda ƴan Kamba ke kira shokazoba, alhali ya yi gajere, kuma tiyon man birki na baya yana miƙewa har ya kusa tsinkewa duk sanda ƙafa ta faɗa rami. Dokar UEMOA ta 2005 kan nauyin motoci tana nan, amma sikelinta manyan kamiyo yake jira bisa kwalta. Bashe mai bin hanyar Yelu ba wanda ke auna ta.

Canza tiyon nan da dogo bai kai kuɗin lam guda ba. Na tambayi wani makanike dalilin da ba a cika yi ba, ya ce mai mota tsayin da ya gani da idonsa yake biya, tiyo kuwa a ɓoye yake.