Goyo a Cikin Marka

Mu da muka yi wayo a Kano a shekarun 1990 mun san wani abu da yaran yanzu ba su tarar ba. Da zarar hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara kwasar leda tana sama da ita, sai ka ga rumfar kowane gidan mai ta cika maƙil da babura. Ɗan acaɓa da fasinjansa a tsaye kafaɗa da kafaɗa, ba wanda ya san sunan wani, suna jiran ruwa ya tsagaita. Wani lokacin fasinjan ne mai gaggawa, ya ce a tafi zai ƙara kuɗi. Daga nan sai ciniki ya koma sabo, don yanzu wahalar tafiya cikin ruwa ake sa wa kuɗi, da kasadar da ke cikinta.

Acaɓa ɗan matsi ne. Bayan gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP a 1986, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari mai tasi, bas ta tsufa ba a sake ta ba. Ma'aikacin da albashi ya daina kai shi ƙarshen wata sai ya fara fita da babur ɗinsa da yamma. Da masana'antun Bompai da Sharaɗa suka shiga sallamar ma'aikata, abin ya zama sana'a sosai. Kowace ƙasa da sunan da ta raɗa masa: a kudu okada, daga sunan kamfanin jiragen saman Gabriel Igbinedion, a Sakkwato da Maraɗi kabu-kabu. Sannan Jincheng ta shigo daga ƙasar Sin da arha, daga baya Bajaj ta Indiya ta biyo, mai kuɗi ya sayi goma ya raba wa samari suna kawo masa balas kullum.

Balas ɗin nan shi ne ya sa ake tuƙi cikin ruwa. Mai babur bai san an yi marka ba, kuɗinsa yake jira da daddare. Don haka samarin suka koyi damina da jikinsu, kuma abin da suka koya ba a rubuce yake ko'ina ba. Sun san ruwan fari ya fi kowane ruwa santsi, saboda yana taso da baƙin mai da ƙurar da suka kwanta a kwalta tun rani. Sun san birki mai ganga idan ya sha ruwa sai an ɗan tattaka shi kafin ya dawo hayyacinsa, kuma wanda ya damƙe birkin gaba a kwana, a kan jiƙaƙƙen titi, ƙasa zai sha. Ruwan da ya kwanta a hanya kuwa, mai hankali ba ya shiga sai ya ga wani ya wuce, don ba a san inda kwata take a buɗe a ƙarƙashi ba. Idan filogi ya jiƙe, shi ke nan, sai turi.

Shi ma fasinja da nasa karatun. Goyo yana ƙara nauyi a baya, babur ya daɗe bai tsaya ba. Idan direba ya kwanto a kwana kai kuma ka miƙe don tsoro, ku biyun za ku faɗi. Da yawanmu muna ɗauke da tabon salansa a ƙwauri har yau. Mata sun fi shan wuya, musamman masu zama ta gefe ɗaya: hannu guda a ƙarfen baya, ɗayan yana tattare zani ko hijabi kada taya ta kama shi, ga kuma taɓo yana fallatsowa.

Dokoki sun zo, amma ba wadda ta zo saboda ruwa. A 2005 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta hana ɗaukar mata a acaɓa, ta kawo babura masu ƙafa uku ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, sunan da ya manne musu har gobe. Abuja ta kori acaɓa daga tsakiyar birni a 2006. Ranar 1 ga Janairun 2009 dokar hular kwano ta fara aiki, aka yi ta ganin masu ɗora ƙwarya da bokitin fenti a ka. Fasinjoji kuma suna ƙyamar hular da kowa ya sa, wasu har suna tsoron ko an yi mata asiri. Maiduguri ta hana babura a 2011 saboda masu harbi daga kansu. A Kano, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero ranar 19 ga Janairun 2013, aka hana goyo a cikin birni. An yi ƙorafi ƙwarai, don dubban magidanta ne suka wayi gari ba abin yi. Sai dai da damina ta sauka a shekarar, fasinja ya ga Adaidaita tana da rufi da labulen tamfol, kewar acaɓa ta ragu.

Mu masu sana'ar rubuta manhaja mun taɓa zaton za mu dawo da shi ta waya. A Legas, Gokada da ORide sun zo da hula mai kyau da taswira da kuɗin da manhaja ke lissafawa, kafin gwamnatin jihar ta taka musu birki a Fabrairun 2020. Mun yaba aikin, amma mun san iyakarsa. Taswira tana nuna titi, ba ta nuna kwalbatin da ruwan jiya ya cinye gefensa. Wannan sai tsohon ɗan acaɓan unguwa.

Shi kuwa bai mutu ba, gefe ya koma. A watan Agusta, idan ka sauka daga mota a bakin kwalta za ka shiga ƙauye, Boksa ce ke jiranka a gindin bishiya. Hanya jar ƙasa ce ta zama kunu. Yaron zai naɗe ƙafar wando, ya sa wayarsa a leda ya cusa a aljihu, ya dube ka ya ce, "Yallaɓai, idan mun zo rafi sauka za ka yi, in tsallaka da shi tukuna."