Masu Sayar da Littattafai a Ƙasar Hausa: Daga Kasuwar Kurmi Zuwa Kankiya da Kusada

Gabatarwa

Masu nazarin adabin Hausa sun yi ƙoƙari ainun wajen tattara tarihin marubuta da na hukumomin da suka buga littattafansu. Duk ɗalibin da ya karanci Hausa a jami'a ya san sunan Abubakar Imam da na R. M. East, ya kuma san shekarar da aka kafa Kamfanin Gaskiya. Amma akwai rukunin mutanen da da wuya a ji an ambace su, watau 'yan kasuwan da kan ɗauki littafi daga maɗaba'a su kai shi hannun mai karatu. Wannan lacca ta shafi waɗannan mutane ne, kuma ta ɗauki garuruwan Kankiya da Kusada na tsakiyar Jihar Katsina a matsayin ma'auni. Kankiya tana kan babbar hanyar da ta haɗa Katsina da Kano, Kusada kuwa tana kudu maso gabas da ita, kusa da iyakar Jihar Kano. Garuruwa ne da ke nesa da manyan maɗaba'u, saboda haka duk littafin da ya shiga cikinsu wani ne ya ɗauko shi ya kawo.

Zamanin Rubutun Hannu

Ƙasar Katsina ta daɗe da sanin littafi. Zamanin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, a ƙarni na 17, birnin ya riga ya yi suna wajen ilmi. Sai dai a wancan lokaci littafi ba haja ba ne da akan baza a rumfa. Wanda ke bukatarsa yakan are shi daga malaminsa ya kwafa da hannunsa, ko ya biya marubuci ladan kwafa, ko ya gaje shi, ko kuwa alhazai su zo masa da shi daga Gabas. Alal misali, lokacin da Muhammadu al-Katsinawi, masanin ilmin hisabi, ya rasu a Alƙahira a 1741, littattafansa a hannun mai masaukinsa Hasan al-Jabarti ya bar su.

Abin da aka fi ciniki a kasuwa shi ne takarda. Bature ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya ratsa Katsina da Kano a 1851, ya tarar da takardar Turai mai alamar wata uku tana shigowa da yawa ta hanyar Sahara, har ana naɗe tufafi da ita. Ashe ke nan kakannin masu kantunan littattafai su ne fataken takarda da marubuta masu kwafa, waɗanda ɗaya ke kawo kayan aiki, ɗaya kuma ke mai da su littafi.

Hukuma Ta Buga, Rarrabawa Ta Gagara

Zuwan boko ya sake al'amari. An kafa Hukumar Fassara a 1929, wadda daga baya ta zama Hukumar Talifi a Zariya. Gasar da ta shirya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja, wanda Abubakar Imam ya rubuta yana malami a Makarantar Midil ta Katsina, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A watan Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, a 1945 kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya.

Buga littafi wani abu ne, sayar da shi kuma wani abu ne daban. A lokacin, makarantu da ofisoshin En'e ne manyan hanyoyin da littattafan boko ke bi su isa gundumomi, alhali malamin ofis ba ɗan kasuwa ba ne: albashinsa na nan, ko an saya ko ba a saya ba. Wannan matsala ta ƙara fitowa fili da aka shiga Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, aikin da Malam Ahmadu Coomassie, mutumin Katsina, ya taka babbar rawa a cikinsa. Dubban manya sun koyi karatu a azuzuwan ƙauye, kuma wanda ya koyi karatu bai sami abin karantawa ba, to, mantuwa ce ke jiransa.

Don haka aka kafa hukumar NORLA a Zariya a 1954. Ta buga ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna, ciki har da Himma ta Lardin Katsina, ta kuma yi amfani da motoci da wakilai wajen kai kaya kasuwanni. Wani darasi da ta koya shi ne, littattafan addini da na ajami suna da masu saye a shirye, domin akwai almajirai da malamai a kowane gari. Duk da haka hukumar ba ta iya tsayawa da ƙafarta ba, aka rufe ta a 1959. Kamfanin NNPC da aka kafa a 1966 tare da haɗin gwiwar Macmillan ya gaji littattafanta, amma ya fi mai da hankali ga bukatun makarantu.

'Yan Kurmi da Masu Shimfiɗa

A daidai lokacin da hukuma ke fama da motocinta, wata hanya ta dabam tana ta bunƙasa ba tare da tallafin kowa ba. Masu sayar da littattafai na Kasuwar Kurmi a Kano sun shiga shigo da bugun Masar, musamman na maɗaba'ar al-Halabi ta Alƙahira. Daga shekarun 1950 kuma suka gano wata dabara: su sa marubuci mai kyan hannu ya kwafi littafi da irin rubutun da almajiran ƙasar nan suka saba da shi, sa'an nan su kai maɗaba'a a ɗauki hotonsa a buga da yawa. Ta haka sana'ar marubuta irin su Sharu Bala Gabari ta sami sabuwar rayuwa, kuma Ƙawa'idi da Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala da Ishiriniya suka sauko zuwa farashin da almajiri zai iya biya.

Daga Kurmi kayan kan bi hanyar Bici da Tsanyawa su shigo ƙasar Katsina. Ɗan kasuwa yakan yi sammako ya je Kano sari, ya dawo ya baza hajarsa a bakin masallacin Juma'a, ko ya bi kasuwanni bisa ranakun cinsu, kamar kasuwar Caranci ta ranar Lahadi. A shimfiɗarsa littafi yana zaune ne tare da carbi da turare da allo da tawada. Sau da yawa shi kansa almajiri ne, ya san littafin da ake shiga bayan an sauke wani, don haka mai saye yakan nemi shawararsa kafin ya nemi ragi.

Kanti da Mutanensa

Shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976 ya cika makarantu da yara, sa'an nan ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 ya ƙara yawan ofisoshi da ma'aikata. Wasu masu shimfiɗa suka kama shago, wasu malaman makaranta da suka yi ritaya suka zuba kuɗin sallamarsu a wannan sana'a.

Tsarin irin wannan kanti bai bambanta da na sauran kasuwancin Hausawa ba. Akwai maigida, wanda ke riƙe da jari da littafin bashi, shi ne kuma ke zuwa sari. Akwai yaron shago, galibi ɗa ko ƙane ko almajiri, wanda ke buɗewa da safe, ya kakkaɓe ƙura, ya haddace farashi da wurin da kowane littafi yake. In ya daɗe kuma ya riƙe amana, maigida yakan sallame shi da ɗan jari ya buɗe nasa. Tsakanin maigida da babban dila na Kano kuwa yarda ce ke aiki, domin akan ba da kaya bashi sai an sayar a biya.

Ribar littafi kaɗan ce, kuma cinikinsa na lokaci ne. Makonnin komawa makaranta su ne kakar mai kanti. Sauran watanni littafin rubutu da biro da alli da ambulan ne ke biyan kuɗin haya. Babbar asararsa ita ce a canza littattafan jarrabawa alhali yana da ragowar tsofaffi, domin daga ranar sun zama takardar ƙunshe ƙosai.

Zamanin Adabin Kasuwar Kano

Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka ja baya daga buga ƙagaggun labarai. Matasa suka shiga buga nasu da kansu. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed ya fito a 1984, Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu a 1987, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1991, Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Funtuwa kuma a 1994.

A wannan zamani ne mai sayar da littafi ya kai ƙololuwar ƙarfinsa. Wasu masu kantuna a Kano sun koma su ne masu ɗab'i: su sayi rubutun marubuci, su biya maɗaba'a, su rarraba. Raba labari gida biyu ko uku, wanda ya zama al'ada, dabarar kasuwa ce, domin kuɗin littafi na ɗaya ne ke buga na biyu. A ƙananan garuruwa kuma aka sami masu ba da hayar littafi, har matan aure da ke cikin kulle suka riƙa aiken yara su karɓo musu. Abin da motocin NORLA suka nema, watau jama'a su riƙa sayen abin karantawa da kuɗinsu don jin daɗinsu, waɗannan 'yan kasuwa ne suka cim masa.

Ba a rasa abin zargi ba. Marubuta sun yi kukan cewa dila ya fi su cin moriyar wahalarsu, satar fasaha kuma ta ci gaba duk da dokar haƙƙin mallaka ta 1988. Masu kula da tarbiyya su ma sun yi suka, har aka ƙona wasu littattafai a bainar jama'a a Kano a 2007. Daga bisani finafinan bidiyo suka janye wasu marubuta da masu jari, wayar hannu kuma ta janye masu karatu, domin labarin da a da sai an je kanti yanzu yana yawo a WhatsApp. Littattafan addini da na makaranta ne suka fi jure wannan sauyi.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa a kowane zamani littafi ya isa garuruwa irin su Kankiya da Kusada ne gwargwadon yadda ƙaramin ɗan kasuwa ya ga zai iya ci da shi. Akwai abin lura a nan ga ma'aikatan gwamnati. Idan ma'aikata ko ƙaramar hukuma ta ba ɗan kwangila daga nesa aikin kawo littattafan makarantu, kayan kan iso sau ɗaya, amma kantin da ke garin, wanda zai sayar wa uba littafin da ɗansa ya yar a tsakiyar zango, ya rasa cinikin da ke riƙe da shi shekara guda. Sayen wani kaso daga hannun masu kantunan gari, da sanar da su canjin littattafan jarrabawa tun da wuri, abubuwa ne da ba su bukatar sabon kasafi.

Ga ɗalibai kuma akwai aikin bincike da ke jira. Dattawan da suka fara zuwa sari Kurmi suna ƙarewa, littattafan bashinsu da rasitansu kuwa gara na ci. A cikin waɗannan takardu ne za a ga abin da mutanen wani gari suka karanta, da shekarar da suka karanta shi, da nawa suka biya. Ɗalibin Hausa ko na Tarihi da ya zauna da mai kanti ɗaya a Kankiya ko Kusada, ya rubuta yadda ya fara da wanda ya koya masa da waɗanda ya sallama, zai cike gurbin da kundayen da ke ɗakunan karatu suka bari.