BAYANI: Minsmit, haɗin Kirsimetin Turawan Ingila, tarihinsa da yadda ake yin sa a gida

Minsmit, wanda Turawa ke rubutawa mincemeat, wani haɗi ne mai zaƙi da ƙamshi da ake yi da zabibi, tuffa, ɓawon lemo, kitse, sukari da kayan ƙamshi. Ana zuba shi a kwalba a ajiye tsawon makonni, sannan a cusa shi cikin kwaɓin fulawa a gasa. Abin da ke fitowa daga gashin shi ne mins-fai, ɗan ƙaramin fai da bai wuce cikin tafin hannu ba, wanda ke cika shaguna da ofisoshin Birtaniya a duk watan Disamba. Ana kuma cin sa a Kanada, Ostireliya da wasu sassan Amurka, inda baƙi daga Ingila suka kai al'adar.

Ma'anar sunan ita ce yankakken nama, amma wanda ya buɗe kwalbar a yau ba zai ga ko tsoka ɗaya ba. Wannan ne ke rikita baƙo, musamman wanda ya saba da mit-fai na shagunan Najeriya, ya kai baki yana jiran nama da dankali sai ya ji zaƙin zabibi. Yadda naman ya fita sukari ya maye gurbinsa labari ne da ya ratsa ta majalisar dokoki, da jiragen fatake, da gandayen raken da bayi suka noma.

Lokacin da akwai nama a ciki

A Ingila ta da, manoma kan yanka dabbobin da ba za su iya ciyarwa a hunturu ba tun daga watan Nuwamba, saboda ƙarancin ciyawa. Daga nan sai matsalar ajiya ta taso, irin wadda duk gidan da ya yi layya ya sani. Bahaushe ya warware tasa da suya da kilishi da dambu. Bature ya yi amfani da gishiri da hayaƙi, a gidajen masu hali kuma aka riƙa yayyanka naman ana haɗa shi da kitse da busassun 'ya'yan itatuwa.

Littafin girkin nan mai suna The Forme of Cury, wanda masu dafa abincin Sarki Richard na Biyu suka tattara wajen shekarar 1390, ya ƙunshi fai na niƙaƙƙen naman alade da sukari da kayan ƙamshi. A 1615 Gervase Markham ya kawo irin nasa a littafinsa The English Huswife: cinyar tunkiya, kitse, zabibi, dabino, kanumfari da ɓawon lemo. A wancan zamani ba a raba zaƙi da nama a kan teburin masu mulki, domin sukari da kirfa kaya ne masu tsada, zuba su a abinci kuwa hanya ce ta nuna wa baƙo arzikin mai gida.

Ana yawan cewa mayaƙan da suka dawo daga yaƙe-yaƙen 'yan Salibiyya ne suka kawo wannan salon girki daga Gabas ta Tsakiya. Abin da ya tabbata shi ne Larabawa sun daɗe suna haɗa nama da 'ya'yan itatuwa, kamar yadda ya zo a Kitab al-Tabikh da aka rubuta a Bagadaza a 1226. Har yau mutanen Maroko na dafa muruziyya a lokacin babbar sallah, wato naman rago da zabibi da zuma. Amma hanyar da kayan ƙamshi suka bi zuwa Turai ta fatake ce, ta hannun 'yan kasuwar Larabawa da na birnin Benis na Italiya, kuma ta fi labarin mayaƙan ƙarfin hujja.

Naman bai fita rana ɗaya ba. A 1747 Hannah Glasse ta rubuta haɗin da babu nama a cikinsa, ta ce mai so ya ƙara harshen sa. A 1845 Eliza Acton tana nan tana sa harshen. Littafin Isabella Beeton na 1861 ya kawo iri biyu, mai naman shanu da marar shi. Zuwa ƙarni na 20 kitse kaɗai ya rage daga jikin dabbar.

Dokar hana Kirsimeti

Babu abincin Ingila da aka jingina wa ƙaryar doka kamar mins-fai. A duk Disamba sai an sake yaɗa cewa Oliver Cromwell ya haramta cin sa ranar Kirsimeti, kuma wai dokar tana nan ba a soke ta ba.

Ga yadda abin ya faru. A 1642 yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin Sarki Charles na Ɗaya da Majalisar Dokoki, wadda 'yan Furitan, masu ra'ayin tsarkake Cocin Ingila, ke da ƙarfi a cikinta. A ganinsu bikin Kirsimeti ba shi da tushe a cikin Baibul, ragowar al'adun Katolika ne, kuma ƙofa ce ta shaye-shaye da almubazzaranci. A 1644 ranar 25 ga Disamba ta faɗo a ranar azumin wata-wata da Majalisa ta wajabta, aka kuma umarci jama'a su yi azumin. A watan Yunin 1647 Majalisa ta soke bukukuwan Kirsimeti da Ista baki ɗaya.

Jama'a ba su karɓa ba. A Kirsimetin 1647, da magajin garin Kantabiri ya nemi a buɗe shaguna kamar kowace rana, tarzoma ta tashi, masu bore suka riƙe birnin na wani lokaci. Wannan fushin na cikin abubuwan da suka share fagen tawayen yankin Kent a 1648. Majalisar da ta ci sarki da yaƙi ta kasa hana talaka hutunsa na shekara.

Cromwell yana tare da masu wannan ra'ayi, amma bai zama shugaban ƙasa ba sai 1653, shekara shida bayan dokar, kuma babu dokar da ta ambaci mins-fai da suna. Da aka dawo da sarauta a 1660 ƙarƙashin Charles na Biyu, dokokin wancan zamani suka faɗi. Hukumar nazarin dokoki ta Ingila ta sanya wannan magana cikin jerin tatsuniyoyin shari'a da ta ƙaryata a 2013. A can Amurka kuwa, 'yan Furitan na Masacusets sun hana bikin daga 1659 zuwa 1681, da tarar sule biyar a kan wanda ya saɓa.

Inda kayan haɗin suka fito

In aka cire tuffa da kitse da fulawa, kusan babu abin da ke cikin mins-fai da ƙasar Ingila ke nomawa. Ƙananan baƙaƙen zabibi daga Girka suke zuwa. Kirfa daga Siri Lanka. Kanumfari daga tsibiran Maluku na Indunisiya ta yau, kafin a ƙarni na 19 nomansa ya koma Zanzibar, inda bayi suka yi aikin gonakin.

Gyaɗar ƙamshi ta fi kowanne ɗaukar jini. A lokacin ba ta fitowa a ko'ina a duniya sai a tsibiran Banda. A 1621 kamfanin kasuwancin Holan, ƙarƙashin Jan Pieterszoon Coen, ya mamaye tsibiran domin ya mallaki cinikinta shi kaɗai. Daga mutanen da aka ƙiyasta sun kai 15,000, mafi yawansu an kashe su, ko an bautar da su, ko sun gudu. Ingila ma ta yi da'awar ɗaya daga cikin tsibiran, mai suna Run, kuma a yarjejeniyar Breda ta 1667 ta bar wa Holan shi, ita kuma ta riƙe garin da ya zama New York. A idon Turawan wancan ƙarni, musayar ba ta zama wauta ba.

Sukari shi ne ya sauya haɗin gaba ɗaya. Daga shekarun 1640 tsibirin Barbados ya koma gandun rake, kuma 'yan Afirka da aka sato daga gaɓar yammacin nahiyar su ne suka noma shi. A 1655 sojojin Cromwell suka ƙwace Jamaika daga hannun Sifaniya. Gwamnatin da ta hana Kirsimeti ita ce ta samar wa Ingila tsibirin da daga baya ya zama babban tushen sukarinta, da kuma giyar ram da ake zubawa a minsmit. A 1791 masu yaƙi da cinikin bayi a Birtaniya suka yi kiran ƙaurace wa sukarin yankin Karibiyan, iyalai da dama kuma suka amsa. An haramta cinikin bayi a 1807, aka zartar da dokar soke bautar a 1833. Da gwamnati ta cire harajin sukari a 1874, farashinsa ya sauko har gidan lebura. Da araha ta zo, zaƙi ya rinjayi nama.

Yadda ake haɗa shi a gida

Aikin ba shi da wuya, lokaci yake ci. Ma'aunin da ya yi daidai da kwalabe biyar ko shida matsakaita shi ne kamar haka: zabibi gram 750, in da hali a gauraya iri biyu ko uku, tuffa mai tsami gram 450, kitse gram 200, sukari mai ruwan ƙasa gram 300, ɓawon lemo da aka dafa da sukari gram 150, ruwa da kankararren ɓawon lemon zaƙi biyu da lemon tsami biyu, sai garin kirfa, kanumfari, citta da gyaɗar ƙamshi, jimillarsu kamar ƙananan cokula huɗu. Kanumfari ya kamata ya fi kowa ƙaranci, domin yana danne sauran.

Tuffar da Turawan Ingila suka fi so ita ce Bramley, saboda tsaminta da yadda take narkewa a wuta. Koriyar tuffa mai tsami tana iya tsayawa a madadinta. Mai zaƙi ba ta dace ba, don haɗin ya riga ya cika da sukari, tsamin ne ke sa a iya cin fai na biyu.

Kitsen ma ba kowanne ba. Ana son farin kitse mai tauri da ke kewaye da ƙodar sa ko tunkiya, a cire masa yanar da ke jikinsa, a sanyaya shi, a goga shi ƙanana. Ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 45 zuwa 50 a ma'aunin Salsiyos, shi ya sa yake daskarewa ya lulluɓe 'ya'yan itatuwan. A Birtaniya an daina wahalar gogawa tun 1893, lokacin da Gabriel Hugon ya fara sayar da gogaggen kitse na Atora a Mancesta.

Hanyoyin haɗawa biyu ne. Tsohuwar hanya ita ce a gauraya komai ɗanye a dura a kwalba. Aibinta shi ne ruwan tuffa yakan yi tsami, haɗin ya fara kumfa, wani lokaci har ya ture murfi. Hanya ta biyu ta fi aminci: a gauraya kayan a rufe su kwana, washegari a sa a oben mai ƙaramar wuta, digiri 120, na tsawon awa uku. Zai fito yana iyo cikin narkakken kitse, ba kyan gani, amma haka ake so. Yayin da yake hucewa a riƙa juyawa lokaci-lokaci har kitsen ya kama jikin kowane zabibi. Wanda ba shi da oben zai iya dafa shi a tukunya a kan wuta kaɗan, yana juyawa kada ya kama.

Abubuwa uku ke hana shi lalacewa. Sukari yana janye ruwan da ƙwayoyin cuta ke buƙata, tsamin lemo yana hana su yaɗuwa, kitse kuma yana toshe wa iska hanya. Duk da haka sai an wanke kwalabe an tafasa su, an bar su sun bushe sarai, sannan a danna haɗin kada a bar gurbin iska. Bayan mako biyu ɗanɗanon ya haɗu. Shi ya sa gidajen da suka riƙe al'ada ke yin nasu a ƙarshen Nuwamba.

Barasa, man alade da zafin ƙasa

Haɗin gargajiya yana ɗauke da birandi ko ram, waɗanda ake zubawa bayan ya huce. Gashi ba ya kore barasar gaba ɗaya, saɓanin abin da mutane da yawa suka ɗauka. Akwai kuma masu sa man alade a kwaɓin fulawar, kitsen shanun da ke ciki ma ba lallai ya zama na yankan Musulunci ba. Ɗalibi ko ma'aikaci Musulmi da aka miƙa wa mins-fai a ofis a Landan yana da dalilin duba jikin kwalin. Da yawa daga na shaguna a yau sun koma kitsen tsirrai, wanda akasari daga kwakwar manja ake yin sa, amma tambarin da ke cewa ya dace da marasa cin nama bai ce komai a kan barasa ba.

Mai yi a gida ya huta da wannan damuwa. Ruwan tuffa ko na lemon zaƙi yana maye gurbin barasar, bota kuma tana iya maye gurbin kitse, sai dai kwanakin ajiyar suna raguwa. Turawa na barin nasu watanni a ɗakin ajiya mai sanyi, abin da yanayin Kano ko Maraɗi ba zai bari ba. A ƙasa mai zafi wurinsa firij ne, a kuma cinye shi cikin 'yan makonni, ko a daskarar da shi. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, gara a yi rabin ma'aunin.

Wajen gashi, ana murza kwaɓin fulawa da bota, a yanka shi zagaye, a shimfiɗa a gurabun farantin gashi, a zuba cokali ɗaya na haɗin a kowanne. Cika shi da yawa kuskure ne, domin sukarin zai tafaso ya manne a farantin. Ana rufe saman da wani yankin kwaɓin, sau da yawa mai siffar tauraro, a gasa a digiri 200 na minti 15 zuwa 20, a barbaɗa garin sukari a kai. A Amurka an fi yin sa babba guda ɗaya a yanka, kuma a karkarar arewa maso gabashin ƙasar har yanzu akwai iyalan mafarauta da ke sa naman barewa a cikin nasu.