Daga Baho na Mesmer Zuwa Takardar Kwana Uku

Tun ranar da aka fara sana'ar nan ta warkar da mutum ta hanyar sa shi wani hali mai kama da barci, wadda Turawa ke kira hifnosis, ake sayar da asirinta ga mai kuɗi, kuma tun ranar ake jayayya a kan wanda ya cancanci a danƙa masa amanar majinyaci.

Franz Anton Mesmer, likita Bajamushe da ya yi karatu a Biyana, ya isa birnin Faris a 1778 da da'awar cewa akwai wani ruwa latifi, wanda ido ba ya gani, mai gudana cikin jikin ɗan Adam, idan ya toshe cuta ta kama, idan aka buɗe masa hanya lafiya ta samu. Yakan zaunar da majinyata kewaye da wani katon baho mai sandunan ƙarfe, suna riƙe da su har wasu su faɗi suna makyarkyata. Da kasuwa ta buɗe, sai almajiransa suka kafa jam'iyya a 1783, wadda duk mai son sanin asirin zai biya zinariya 100 ya shiga, ko da bai taɓa buɗe littafin likitanci ba. Shekara na zagayowa Sarki Luwis na 16 ya naɗa kwamitin masana, cikinsu da Benjamin Franklin da Lavoisier, suka ɗaure wa mutane idanu suka jarraba, suka iske wanda aka gaya wa ana yi masa aikin yakan faɗi ko ba a yi ba, wanda kuwa aka yi wa a ɓoye ko gezau. Saboda haka suka hukunta cewa ruwan nan babu shi, wahami ne ke aiki.

Waɗanda suka fid da sana'ar daga zargin tsibbu, abin lura, dukkansu likitoci ne. James Braid, likitan fiɗa a Mancesta, ya je kallon wani mai wasa da ita a 1841 yana mai inkari, ya koma gida ya gane cewa tattara hankali wuri guda ne ke jawo halin, ya rubuta littafinsa a 1843. Liébeault kuwa, likitan talakawa a yankin Nansi ta Faransa, wanda ke yi wa manoma wannan magani kyauta, ya fitar da nasa littafin a 1866 babu mai kula shi, ya ci gaba da haƙuri shekara 16 kafin Shaihun Malami Bernheim ya zo wurinsa a 1882 ya gani da idonsa ya sallama. Wannan dattijo, Liébeault, nake tunawa duk lokacin da na ga tallan da ke alkawarin mai da mutum gwani cikin kwana uku.

Ƙungiyar likitocin Birtaniya ta amince da hifnosis a 1955, ta Amurka ta bi sahu a 1958, amma dukkansu ga masu ilmin likitanci suka nufa. Doka ba ta bi su ba. A Ingila da galibin jihohin Amurka kowa na iya rataya allo a ƙofarsa, kowace ƙungiya kuma na iya buga takardar shaida. Har wani masanin halayyar ɗan Adam, Steve Eichel, ya bayyana a 2002 cewa ya samo wa kyanwarsa irin waɗannan takardu daga ƙungiyoyi fiye da ɗaya, babu wanda ya nemi ganin ɗalibar. Malamanmu na zaure, da ba sa ba da ijaza sai ɗalibi ya shekara da shekaru a gabansu sun san fahimtarsa da ɗabi'arsa, da sun ji wannan sun yi salati.

Illar kuwa a fili take. Sa mutum cikin halin nan abu ne da ake koyo da yamma guda. Abin da ke cin shekaru shi ne rarrabe ciwon kan da damuwa ta haifar da wanda ƙari a ƙwaƙwalwa ya haifar, da sanin lokacin da ya wajaba a ce wa majinyaci ya tafi asibiti yau, ba gobe ba, da kuma kame harshe, domin wanda ke cikin halin yana karɓar magana kamar ƙasa mai ƙishi, har tambayar da aka karkata ta zame masa tunanin abin da bai taɓa faruwa ba, ya farka yana rantsuwa a kansa. Ta haka aka raba iyalai da yawa a Amurka, 'ya'ya suna tuhumar iyayensu da laifin da aka shuka musu a ɗakin magani. Kotun ƙoli ta jihar Kalifoniya, da ta auna wannan haɗari, ta yanke a 1982 cewa ba za ta karɓi shaidar wanda aka farfaɗo masa da tunani ta wannan hanya ba.